Daga Zankon Zakara zuwa Ƙwayar Zurma: Aikin Ƙananan Tsokoki a Jikin Dabbobi da Iri

A jikin dabbobi da yawa, da jikin ƙwayar irin wasu tsirrai, akwai 'yan ƙananan tsokoki masu laushi da ke tsirowa a waje, kuma sau da yawa launinsu yakan bambanta da na sauran jiki. Zankon zakara yana cikinsu, haka jajayen gudaje na fuskar agwagwa, da tsoka biyu masu reto a wuyan wasu awaki, da ɗan farin dunƙule da ke kan ƙwayar zurma. Waɗannan ba ciwo ba ne, halitta ce da ake gado daga iyaye. Masana dabbobi da na tsirrai sun daɗe suna bincike a kansu, kuma abin da suka gano shi ne yawancinsu suna yin ɗaya daga cikin ayyuka uku: rage zafin jiki, isar da saƙo ga 'yan'uwa, ko jawo wata halitta ta ɗauki iri ta kai shi wani wuri.

Ƙasar Gure, wadda ke fiye da kilomita 150 gabas da birnin Damagaram a kan hanyar Difa, wuri ne da ake ganin kusan duk misalan nan. Yanki ne na kiwo, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa ke riƙe da awaki, tumaki, shanu da raƙuma, ga kaji da zabi a kusan kowane gida. A cikin kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda dabino da goriba suke, ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, don haka tsirrai irin su zurma da rogo suna samun wurin zama. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma wannan zafin yana da hannu a yadda wasu daga cikin tsokokin suke aiki.

Zankon kaza da leɓenta

Zanko shi ne jar tsokar da ke bisa kan kaza, leɓe kuma su ne biyun da ke reto ƙarƙashin baki. Jan da ake gani na jini ne, domin cike suke da ƙananan jijiyoyin jini da ke daf da fata. Kaza ba ta gumi, alhali zafin jikinta yakan kai digiri 41. Idan rana ta take, sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, jini kuma ya riƙa kwarara zuwa zanko da leɓe, inda iska ke ɗauke zafin kafin ya koma cikin jiki. Shi ya sa babban zanko ya fi dacewa da ƙasa mai zafi. A ƙasashen ƙanƙara kuwa sanyi yakan ƙone shi, don haka masu kiwo a can sukan fi son kaji masu guntun zanko.

Girman zanko yana tafiya da balaga. A shekarar 1849 wani masani a garin Gottingen na Jamus, Arnold Berthold, ya yi gwaji da 'yan zakaru shida. Waɗanda ya cire wa 'ya'yan maraina gaba ɗaya, zankonsu ya tsuke ya koɗe, suka daina cara da faɗa, ba su kuma kula kaji. Waɗanda ya mayar wa da ɗan maraina cikin ciki kuwa suka girma da zanko ja, suna cara yadda aka saba. Daga nan aka gane cewa akwai wani sinadari da maraina ke zubawa cikin jini, shi ke tayar da zanko. Wannan gwajin yana cikin tushen ilmin sinadaran jiki da likitoci ke aiki da shi a yau. A wajen mace ma haka abin yake: budurwar kaza idan ta kusa fara ƙwai zankonta yakan cika ya yi ja, idan ta daina ko ta kwanta kan ƙwai sai ya yamutse ya yi fari-fari. Matan da ke kiwon kaji a gida sun san wannan alamar, da ita suke gane wadda za a bari da wadda za a kai kasuwa.

Su kansu kajin suna karanta zanko. Binciken da aka yi a kan kajin daji na Asiya, waɗanda su ne kakannin kajin gida, ya nuna cewa mata sun fi zaɓen zakara mai babban zanko ja, kuma zakaran da tsutsar ciki ta kama zankonsa ba ya girma sosai. Ke nan zanko shaida ce ta lafiya wadda zakara ba ya iya yin ƙarya da ita. Siffarsa kuma gado ce. Akwai mai tsaye mai haƙora, wanda aka fi gani a kajin gida, akwai shimfiɗaɗɗe mai gudaje, akwai gajere mai layi uku. A farkon ƙarni na 20, William Bateson da Reginald Punnett na Kambirij a Ingila sun haɗa kaji masu shimfiɗaɗɗe da masu layi uku, sai 'ya'yan suka fito da wata siffa dabam, dunƙulalliya. Wannan ya zama ɗaya daga cikin hujjojin farko cewa ƙwayoyin gado biyu suna iya haɗuwa su tsara siffa ɗaya.

Har asibiti zanko ya shiga. Yana ɗauke da wani sinadari mai yauƙi da ke riƙe ruwa, irin wanda ke cikin ido da gaɓoɓin mutum. Wani masani ɗan asalin Hangare, Endre Balazs, ya gano hanyar tace shi daga zankon zakaru, kuma daga wajen 1980 aka fara amfani da shi a aikin yanar ido, daga baya a allurar ciwon gwiwa. Yanzu yawancinsa daga ƙwayoyin bakteriya ake samar da shi a masana'antu.

Zabo, talo-talo da agwagwa

Zabo ɗan asalin Afirka ne, kuma har yanzu akwai na daji a wasu sassan Sahel. Abin da ke bisa kansa ba tsoka ba ne, ƙashi ne da wata fata mai tauri ta lulluɓe. Tsokokinsa su ne jajayen leɓe biyu da ke gefen baki. Tun da gashin namiji da na mace iri ɗaya ne, da leɓen ake yawan rarrabe su: na namiji sun fi girma da kauri, suna lanƙwasa su buɗe waje, na zabuwa kuwa ƙanana ne, sun kwanta a jikin fuska. Alamar ba ta fitowa sosai sai tsuntsun ya yi 'yan watanni, don haka masu saye sukan haɗa da sauraren kuka, domin zabuwa kaɗai ke yin kukan nan mai gaɓa biyu da take maimaitawa.

Talo-talo daga ƙasar Meksiko ya fito, Turawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya. Shi ne ya fi kowane tsuntsun gida yawan irin wannan tsoka: gudaje sun rufe kai da wuya, ga leɓe a maƙogwaro, ga kuma wata doguwa da ke tsirowa bisa baki. Idan namiji yana kwance da hankalinsa, doguwar takan tsuke ta zama 'yar guntuwa. Da zarar ya ga mace ko abokin gaba, jini yakan cika ta, ta sauko ta wuce baki tana lilo, launin kai kuma ya riƙa sauyawa tsakanin ja da fari da shuɗi cikin ɗan lokaci. Wani masani a Amurka, Richard Buchholz, ya nuna a shekarun 1990 cewa matan talo-talon daji sun fi son namiji mai doguwar tsoka, cewa sauran maza sukan kauce masa, kuma irin waɗannan mazan ba su cika ɗauke da ƙwayoyin cutar hanji da yawa ba.

Agwagwar da aka fi kiwo a Afirka ta Yamma ita ma daga nahiyar Amurka ta zo, daga yankunan tsakiya da kudu. Ana gane ta da jajayen gudaje da suka kewaye ido da gindin baki. 'Ya'yanta ba su da su lokacin ƙyanƙyasa, sai sun tasa suke fitowa. A namiji sukan yi yawa, su ƙaru da shekaru, har su yi dunƙule bisa hanci, a mace kuwa kaɗan ne. Mai saye yana iya ƙiyasta jinsi da shekarun agwagwa daga fuskarta kawai.

A cikin tsuntsayen daji ma akwai su. Burtu namiji yana da jakar fata ja da shuɗi a maƙogwaro wadda yake hurawa idan zai yi kukansa mai zurfi, ta macen kuwa shuɗiya ce duka. Dinya tana da jar fata tsirara a fuska, namijin kuma da ƙullutu a goshi. Gauraka tana da ɗan leɓe a ƙarƙashin haɓa. A yankin Termit, arewa da Gure, inda aka kafa gandun daji a 2012, ana samun wata babbar ungulu mai kai tsirara da fata mai naɗe-naɗe a gefen wuya, wadda jan kanta ke ƙaruwa idan ta fusata a wajen mushe.

Akuya, tunkiya, saniya da raƙumi

A garken awakin Sahel, dogayen nan masu dogayen ƙafafu da ake kiwo a ƙasar Gure, ana yawan ganin waɗanda ke da tsoka biyu masu reto a wuya, tsawon yatsa ko ƙasa da haka. Sun bambanta da na tsuntsaye domin gashi ya rufe su. Idan aka tsaga ɗaya za a tarar da siririn guringuntsi a tsakiya, da jijiyar jini, da jijiyar ji. Ɗan akuya da su ake haihuwarsa, namiji ko mace, kuma gadonsu mai rinjaye ne: ya isa a ce uwa ko uba ɗaya yana da su, sai su bayyana a wasu daga cikin 'ya'yan. Wani lokaci ɗaya kawai ke fitowa, ko su fito kusa da kunne. Sun fi yawa a awakin Sahel bisa ga jar akuyar Maraɗi, kuma ana samunsu a tumaki, musamman tumakin Buzaye da ake kira ara-ara.

Masu binciken kiwo sun gwada danganta su da yawan nono, da yawan haihuwa, da jure zafi, amma sakamakon ya sha bamban daga garke zuwa garke. Abin da ya tabbata shi ne akuyar da ba ta da su tana rayuwa lafiya lau, wadda ke da su kuma ba su cutar da ita, sai dai idan ƙaya ta yage su ko igiya ta goge su. Babu dalilin yanke su, kuma bai kamata su sa a ƙara ko a rage kuɗin dabba ba. Ƙashi, haƙora, hantsa da tarihin uwa sun fi su faɗin gaskiyar akuya.

Shanu masu tozo, irin su azawak da jajayen shanun Bororo, suna da leɓe mai faɗi da ya sauko daga maƙogwaro zuwa ƙirji. Fata ce mai yalwa wadda ke ƙara faɗin jikin da iska ke bugawa, kuma fatar irin waɗannan shanun tana da ƙofofin gumi fiye da ta shanun Turai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa suke kiwo a rana tsaka alhali saniyar da aka kawo daga ƙasar sanyi tana neman inuwa.

Raƙumi yana da tasa a ɓoye cikin baki. A lokacin sanyi, sa'ad da amale ke neman barbara, yakan hura wata tsoka mai laushi ta ganɗarsa, ta fito ta gefen baki ja-ja tana kumfa, yana gurnani yana cizon haƙora. Wanda bai saba ba yakan ɗauka harshe ne ya kumbura. Saƙo ne ga taguwa da sauran maza, kuma gargaɗi ne ga mutane, domin a wannan lokacin amale yakan yi cizo. Gadu kuma yana da ƙullutai masu kauri a fuska, waɗanda suka fi girma a namiji, suna kare ido da muƙamuƙi idan maza biyu suna karo.

Waɗanda ke cikin mahaifa

Akwai wasu tsokokin da ba a gani sai wajen fiɗa ko haihuwa. Cikin mahaifar saniya, tunkiya da akuya akwai 'yan dunƙule-dunƙule kusan ɗari, jere a layi. Idan dabba ta ɗauki ciki, mabiyiya takan manne a kan kowane ɗaya, kuma galibi ta waɗannan wuraren abinci da iska ke ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan tayi. Suna girma tare da cikin. A saniya mai tsohon ciki ɗaya yakan cika tafin hannu. Raƙumi da doki da jaki ba su da su, tasu mabiyiyar a ko'ina take manne da bangon mahaifa.

Sanin wannan yana da amfani ga makiyayi ta hanya biyu. Ta farko, bayan haihuwa mabiyiya takan saki waɗannan wuraren da kanta cikin 'yan sa'o'i. Idan ta wuce yini ba ta faɗo ba, ta maƙale ke nan, kuma jan ta da ƙarfi ko ɗaura mata dutse yana yaga tsokar, ya jawo zubar jini da ruɓa. Ta biyu, idan mahaifa ta juyo ta fito waje bayan naƙuda mai wuya, waɗannan dunƙulen ne ake gani jajaye a jikinta. Wasu sukan ɗauka ƙari ne su nemi tsinke su, alhali tsinke su na iya kashe dabbar. Abin yi shi ne a rufe mahaifar da tsabtataccen zane mai laima, a hana ta taɓa ƙasa, a kira malamin dabbobi. Idan ɓari da maƙalewar mabiyiya suka yawaita a garke, ana zargin cutar bakkale, wadda ke kama mutum ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mabiyiya da hannu tsirara.

Bambanta halitta da cuta

Tsokar halitta tana da wurinta da ba ta sakewa, galibi daidai take hagu da dama, ba ta zafi, ba ta ruwa, kuma ana ganin irinta a iyaye. Ta cuta kuwa kwatsam take fitowa, tana ƙaruwa, tana ɓawo ko mugunya, sau da yawa ta kama dabbobi da yawa a lokaci ɗaya. A kaji, zanko ne yake fara tona asirin ciwo. Idan ya koɗe alhali kazar ba kwanci take ba, jini ne ya ragu, kuma a duba ƙuma da kaska a akurki ko tsutsa a ciki. Idan baƙaƙen ɓawo suka fito a kansa da gefen ido, ƙurajen kaji ne da sauro ke yaɗawa, sun fi yawa da damina, kuma akwai rigakafinsu. Idan zanko da leɓe suka kumbura suka yi shuɗi ko baƙi-baƙi, kaji kuma suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ana tsoron murar tsuntsaye ko wata annoba mai kama da ita. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, a Magariya cikin jihar Damagaram, 'yan makonni bayan ɓullarta a jihar Kaduna ta Nijeriya. Irin waɗannan kajin ba a yanka su a ci, ba a kai su kasuwa, ma'aikatan kiwo ake sanarwa.

A shanu akwai ciwon da ke fitar da ƙullutai masu tauri a duk fata tare da zazzaɓi, wanda ƙwari masu cizo ke yaɗawa. A 'yan awaki da 'yan tumaki akwai ƙuraje masu ɓawo a leɓunan baki da ke hana su shan nono, kuma suna iya kama hannun mai kula da su. Duk waɗannan ba su da alaƙa da tsokar gado.

Ƙwayar zurma

A ɓangaren tsirrai, zurma ce misali mafi sauƙin gani. Tana fitowa a bakin rijiyoyi, a gefen garake da kan juji, duk inda ƙasa ke da laima da taki. Asalinta arewa maso gabashin Afirka ne, kuma an sami ƙwayoyinta a kaburburan tsohuwar Masar. Kowane ɗa mai ƙaya-ƙaya yana da ɗaki uku, kowane ɗaki da ƙwaya ɗaya. Ƙwayar tana da santsi da ƙyalli da zane-zane, a ƙarshenta kuma ga ɗan farin dunƙule mai taushi. Duk wanda ya riƙe ta a tafin hannu zai ga ta yi kama da kaskar da ta ƙoshi da jini, farin dunƙulen a matsayin kai.

Wannan dunƙulen yana tsirowa ne daga ɓawon ƙwayar, daidai bakin 'yar ƙofar da saiwa za ta fito. Yana da aiki biyu. Na farko, yana tsotsar laima ya miƙa ta ciki, abin da ke taimakon tsiro a ƙasar da ruwanta bai yi yawa ba. Na biyu, cike yake da mai, kuma man nan abinci ne ga cinnaku da danginsu. Dangin zurma da yawa suna da irinsa, har da ƙwayar rogo, wadda manoma ba su cika lura da ita ba domin da itace ake dasa rogo. Idon wake kuwa wani abu ne dabam: tabo ne na wurin da ƙwayar ta manne da kwanso.

Ita kanta ƙwayar zurma kusan rabinta mai ne, kuma ƙasar Indiya ce ke kan gaba wajen nomanta don masana'antu. Amma tana ɗauke da dafi mai ƙarfi da aka fara ganowa a 1888. 'Yan ƙwayoyi kaɗan idan yaro ya tauna suna iya halaka shi, tunkuzarta kuma tana kashe dabbobi. Kyawun ƙwayar yana jan yara, don haka zurmar da ke cikin gida tana bukatar lura.

Yadda ƙwari ke shuka iri

Idan ɗan zurma ya bushe yakan fashe da ƙara, ya watsa ƙwayoyin 'yan taku kaɗan daga gindin uwa. Daga nan ƙwari ke karɓa. Sukan kama ƙwayar ta wajen farin dunƙulen su ja ta zuwa raminsu, su ciyar da 'ya'yansu da man, ƙwayar kuma da ba su iya fasawa su bar ta cikin rami ko su jefar a jujinsu. Ta haka iri ya yi nisa da uwa, ya ɓuya daga ɓeraye da tsuntsaye, ya tsira daga gobarar daji, ya kuma sami ƙasa mai taki. Masana sun gano cewa man yana da sinadarai irin na jikin mataccen ƙwaro, shi ya sa ƙwarin da ke cin nama suke ɗaukarsa da sauri. Wannan ya bambanta da aikin tururuwa, wadda ke tara ƙwayar ciyawa da hatsi don ta cinye ƙwayar kanta.

Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Rutger Sernander, shi ya fara rubuta cikakken bayani a kan wannan hulɗa a 1906. Yanzu an ƙiyasta tsirrai fiye da iri 11,000 ne a duniya suke dogara da ita, da yawa daga cikinsu a Ostareliya da kudancin Afirka ta Kudu. A can Afirka ta Kudu an ga abin da ke faruwa idan hulɗar ta yanke: wani ƙaramin ƙwaro da ya shigo daga Ajantina ya kori ƙwarin ƙasar a wasu wurare, shi kuma yakan cinye man ya bar ƙwayar a fili, sai ɓeraye su cinye ta ko wuta ta ƙone ta, tsiron wasu itatuwa ya ragu ƙwarai. A Nijar ma ana iya ganin irin wannan tsoka a itatuwan dangin bagaruwa da aka kawo daga Ostareliya aka shuka a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, waɗanda ake niƙa ƙwayarsu a gauraya da garin hatsi. Kowace baƙar ƙwaya tana da 'yar rawayar tsoka a gindi.

Jar tsoka da tsuntsaye

Tsirran da ke neman tsuntsaye sukan yi tsoka ja ko ruwan lemo, domin tsuntsu galibi da ido yake neman abinci, ba da hanci ba. Garafuni, wanda ke hawa shinge da damina, idan ɗansa ya nuna yakan fashe ya bayyana ƙwayoyi lulluɓe da jar tsoka mai danƙo da ɗan zaƙi. Tsuntsu yakan haɗiye, ya narkar da tsokar, ya kasayar da ƙwayar a wani wuri, galibi ƙarƙashin reshen da ya sauka, shi ya sa garafuni ke yawan fitowa a gindin shinge da itatuwa. Dashi, wanda ake kafa shinge da shi a ƙasar Gure, haka yake yi: ɓawon ɗansa yakan rabe biyu ya bar ƙwallo mai jar tsoka a gindi, tsuntsaye irin su cilakowa su ɗauka. A kudu, inda ruwa ya fi yawa, kawo yana da kwanso mai tauri wanda idan ya buɗe ake ganin baƙaƙen ƙwayoyi jere, kowace da tsoka ruwan lemo a gindinta.

Wata irin wannan tsokar mutane ma suna ci. Gwanja kusa itace ne na kurmin Afirka ta Yamma da fataken goro suka sani a hanyarsu. Ɗansa ja ne, idan ya nuna yakan buɗe gida uku, kowane da baƙar ƙwaya mai ƙyalli zaune a kan farar tsoka mai maiƙo. An kai itacen tsibirin Jamaika a ƙarni na 18 a zamanin cinikin bayi, kuma yau yana cikin manyan abincin ƙasar. Sai dai tsokar ɗan da bai buɗe da kansa ba tana da dafin da ke zubar da sukarin jini, ya kawo amai da suma. A 1998 yara da dama sun mutu a ƙauyukan Burkina Faso bayan cin ɗanyensa. Ƙa'idar da masu cinsa suka sani ita ce a jira ɗan ya buɗe a kan itace, a cire ƙwayar da jan zaren da ke manne da tsokar, sannan a dafa a zubar da ruwan.